Lambar da Baba ya zana a tafin hannu

Na Allah ne mu duka, kuma Baba ya riga mu komawa gare Shi. Ranar Alhamis ce da hantsi, a wani asibiti cikin Anacha. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a gaban rumfarsa ta albasa da ke Head Bridge, kasuwar bakin gada, domin gidan haya ba zai ɗauki jama'ar ba.

Ba shi ya haife ni ba. Maigidana ne. Shi ya karɓe ni ranar da na diro daga bayan motar albasa ba ni da ko tabarmar kwanciya, ya koya mini ciniki, daga baya ya sallame ni na koma Fatakwal na kafa nawa. Baba nake ce masa yana raye, haka zan kira shi a nan.

A maƙabarta, da liman ya ce duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa, jama'a suka amsa baki ɗaya cewa sun yafe. Kusa da ni akwai wani tsohon mahauci, sa'an Baba, wanda suka sauko kudu a zamani ɗaya. Bai amsa ba. Ya juyo ya ce mini a hankali, "Mu me ya yi mana da za mu yafe? Mai yafewar ai ba ya nan."

Ƙanen Baba yake nufi. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma sun fi shekara ashirin ba su yi magana ba. Ranar da muka binne Baba, ƙanen nan bai san yayansa ya yi ciwo ba, balle ya san ya mutu. Ba kuma mu da hanyar sanar da shi.

A wajen zaman makoki kowa da abin da ya kawo. Maƙwabciyar rumfarsa, wata Inyamura mai sayar da manja, ta zo ta yafa zane a ka, ta durƙusa daga gefen tabarma tana kuka, tana maimaita cewa, "Alhaji no dey talk person matter." Wato bai taɓa ɗaukar maganar wani ya kai wa wani ba. Direbobin manyan motoci suka haɗa kai a wani gefe suna ƙus-ƙus, suna satar kallon babban ɗansa. Na ji ɗaya yana cewa, "Yaron nan ne fa ya kashe sim ɗin." Wani ya ce ba laifin yaro ba ne, kayan Nasara ne ba su da imani. Wani dillali da bai taka asibitin ba ko sau ɗaya ya fi kowa ɗaga murya, yana ba da labarin yadda Baba ya cika da murmushi. Ina wurin da ya cika. Babu murmushi. Hajiya, matarsa, tana can ciki tare da mata.

Saboda irin waɗannan maganganu nake rubuta wannan. Ba na so a manta da shi, ba na kuma so a mai da shi waliyyi, domin idan aka yi haka an manta da shi ke nan ta wata hanyar.

Mutum ne dogo, siriri, mai ƙaramin gemu. Ba ya kwance buhu kafin ya san abin da ke ciki. Zai sunkuya ya shinshina bakin buhun, ya zura hannu ya matsa wuyan albasa ɗaya, ya ce, "Wannan an cire ta ƙasa na da danshi, ba za ta kwana uku a garin nan ba." Idan mai kaya ya fara rantsuwa, sai ya ce, "Bar Allah ya huta da bakinka, albasa muke magana." Ba ya cin abinci a rumfa. Ba ya zama da baya ga titi. Idan ka tambaye shi ina za shi, amsarsa ɗaya ce, "Nan gaba."

Abin da aka fi saninsa da shi riƙe baki ne. Duk wanda ke da abin da ba ya so a ji, wurinsa yake kai shi. A zaman makokin ne wani direba ya tashi ya faɗi abin da ni kaina ban sani ba, ni da na kwana a rumfar nan shekaru. Ya ce ya taɓa kamuwa da tarin fuka a kan hanya, abokan tafiyarsa suka gudu suka bar shi a tasha. Baba ya ɗauke shi ya ajiye a ɗakin baya na gidansa har ya warke, yana kai shi karɓar magani da kansa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ɗan'uwa ne daga gida ya zo hutawa. Ya san idan maganar ta fita, babu mai sake ba mutumin mota. Direban ya ce ko bayan ya warke, da ya zo godiya, Baba cewa ya yi, "Wane ciwo? Ni ban san ka yi ciwo ba."

Wannan halin ne kuma ya raba shi da ƙanensa.

Lokacin babu wayar hannu, saƙon gida a bakin direbobi yake zuwa. Damina ce, motoci biyu na albasa sun iso a tare, kuma duk wanda ya san Anacha ya san abin da danshinta ke yi wa albasa. Wani direba ya ja Baba gefe ya faɗa masa cewa tsohuwarsu tana kwance, tana kiran 'ya'yanta. Baba ya ji, bai faɗa wa kowa ba. Ƙanensa shi ne hannunsa na dama a rumfa, in ya tafi kaya za su ruɓe. Sai da aka sayar da buhu na ƙarshe sannan ya ce masa su shirya, an ce Inna ba ta jin daɗi. Suka isa gida an riga an yi sadakar uku.

A can ƙanen ya haɗu da direban, ya ji ranar da saƙo ya isa Anacha. Bai ce komai ba sai da suka dawo. Ina tsaye ina ɗinke buhu ya shigo rumfa.

"Yaya, yaushe saƙon Inna ya zo?"

"Ya zo," in ji Baba.

"Na san ya zo. Yaushe?"

"Ko a ranar muka tashi, ba mu ne za mu hana ta tafiya ba."

"Ban ce zan hana ta ba. Ni ta kira. Ni ne autanta. Kai ka zauna da albasarka, ni me ya sa ba ka sake ni ba?"

Baba ya ci gaba da duba buhun da ke gabansa. Da ya ce a yi haƙuri, ko da a daƙile ne, na tabbata da magana ta mutu a nan. Ƙanen ya jira, ya jira. Daga nan ya cire rigar aikinsa ya rataye a ƙusa, ya fita. Muka ji ya koma Inugu. Ya yanke da Baba, ya yanke da 'yan'uwan gida da yake ganin sun goyi bayansa. Rigar ta daɗe a ƙusar nan, babu mai ƙarfin halin cire ta, har ɓeraye suka cinye ta.

Da waya ta zo, Baba ya sayi ƙarama mai tocila, bai taɓa yarda da babba ba. Duk lambobinsa a cikin sim yake sa a ajiye masa, saboda waya takan faɗa ruwa ko ta fashe, shi kuwa sim sai dai ya cire ya sa a wata. Wata rana a cikin keke-napep aka zare masa ita daga aljihu. Ɓarawon ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya yana kira, yana cewa Alhaji ya yi haɗari a kan gada, a taimaka da gaggawa. Mutanen Arewa da suka san layinsa suka gaskata. Ban taɓa ganin Baba cikin baƙin ciki irin na lokacin ba. Wayar ba ta dame shi ba. Abin da ya ƙona shi, an yi ƙarya da sunansa. Da ya karɓo layinsa sai ya sa aka ɗaura wa sabon sim ɗin lambar sirri, yadda duk lokacin da aka kashe wayar aka kunna sai an danna ta. Ya kuma ɗauki al'adar goge jerin kiran da ya shigo da wanda ya fita kowace yamma.

Ba da daɗewa ba ya kawo mini ziyara Fatakwal. Ban da albasa da busasshen kifi da nake saukewa a Kasuwar Creek Road, ina da rumfar cirar kuɗi da kati a Mile One. Muna zaune a ciki sai wani mai shanu ya tsaya a tsallaken titi, ya ba wani ɗan okada mai babur katinsa ya miƙo mini, ya ɗaga murya yana faɗo mini lambarsa ta sirri, duk kasuwa na ji. Baba ya miƙe, ya tsallaka titin, ya cire hularsa ya maka wa mutumin a kafaɗa.

"Kai, da ka hau kan mota ka yi shela mana, na Anacha ma su ji."

"Ranka ya daɗe, ai mai rumfar ɗan'uwa ne."

"Shi ɗan'uwa ne. Mai gasa masarar can fa, kawunka ce?"

Da ya dawo ya zauna, ya ɗauki wani tsohon kati yana jujjuya shi, ya sa farce a kan ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya. Ya ce in faɗa masa gaskiya, me ke cikin abin nan. Na faɗa masa iyakar abin da sana'a ta koya mini. Na ce ɗan ƙarfen nan, da na katin banki da na sim, ba ma'ajiya ba ce kawai, ƙaramar na'ura ce mai yin lissafi da kanta. Tun daga inda aka ƙera ta ake dasa mata wani mabuɗi, kuma mabuɗin ba ya fitowa, ko ga mai katin. Idan kamfani yana so ya tabbatar katin na gaske ne, sai ya aiko masa da wata sabuwar lamba. Katin ya haɗa ta da mabuɗinsa a can ciki, ya mayar da amsa. Gobe wata lambar, wata amsar. Wanda ya laɓe ya ji amsar yau, ba za ta yi masa amfani gobe ba.

Baba ya ce, "Ashe irin tawa ce. Idan direba ya zo ya ce wane ya aiko shi, sai in tambaye shi abin da ni da wanen kaɗai muka sani. Kuma ba na maimaita tambaya."

Na ce haka ne. Na ƙara masa da cewa lambar sirrin ma katin ne ke tsaron ta da kansa. Ba ya faɗa maka ka kusa ko ka yi nisa, e ko a'a kawai. Idan aka yi kuskure sau uku sai ya kulle, kuma ƙirgen a cikinsa yake, cire batir ba ya sa ya manta.

"Ko an roƙe shi?"

"Ba ya jin roƙo, Baba."

Ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya ce, "Wannan ɗan ƙarfe ya fi rabin kasuwar nan hali."

A ziyarar nan ne na gano maganar Juma'a. Mun fito daga masallaci wayarsa ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Ya duba, ya danna, ya kara a kunne daidai shigar kira ɗaya, ya katse, ya mayar aljihu. Na ce wane ne wannan mai rowar kati. Ya yi tafiya kaɗan kafin ya ce, "Wancan ne." Haka yake kiran ƙanensa tun ranar rigar. Ashe ƙanen ne ya samo lambarsa ya fara yi masa filashin. Baba ya bi kiran, ya ji sallamar, ya gane muryar, su biyun suka yi shiru har aka katse. Tun daga nan kowace Juma'a ƙanen zai yi filashin, Baba ya mayar. Kowa ya san ɗan'uwansa na da rai, shi ke nan.

Na ce, "Baba, ka kira shi mana ku yi magana."

"Shi ne ƙarami."

"Kai ne mai laifi."

Ya tsaya ya dube ni. A ranar ya hau motar Anacha, alhali da niyyar kwana ya zo. Muka daɗe ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Da muka shirya na roƙe shi ya ba ni lambar ƙanen in ajiye, ko don wata rana. Ya ce abin da ke tsakaninsa da wancan ba na rabawa ba ne.

Ranar ta zo. Da safe yana duba kaya ya faɗi tsakanin buhuna. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, amma hankalinsa na nan, idonsa na bin kowa. Cikin rububin kai shi asibiti wayar ta mutu don rashin caji. Da aka yi mata caji aka kunna, ta nemi lambar sirri.

Baba ya dinga nuna wayar da hannun hagu. Hajiya ta zauna tana jero masa sunaye, ko wane yake so a kira, ko wane. Bai motsa ba. Da ta ce, "Ƙanenka?" sai ya damƙe hannunta. Shekara ashirin da wani abu ana jiran wannan dama, sai ga shi ta zo ranar da babu baki.

Babban ɗansa ya miƙa masa tafin hannu ya ce, "Baba, rubuta mini lambar a nan." Baba ya sa yatsa ya zana zagaye. Ya zana wata mai kama da bakwai. Ya dangwala yatsa sau ɗaya. Ya ja tsaye.

Yaron a Anacha aka haife shi, kayan gyaran keke yake sayarwa, ya fi saurin ƙirga da Inyamuranci a kan Hausa. Ya karanta abin da ya gani, sifili, bakwai, ɗaya. Dangwalawar ya ɗauka hutawa tsohon ya yi. Ya ga lamba uku ce, waya kuma huɗu take nema, sai ya cika ta huɗun da ka. Ta ƙi. Ya sake miƙa hannu, Baba ya sake zana abu ɗaya, yaron ya canza cikon. Ta ƙi. A na uku sim ya kulle, ya nemi wata doguwar lamba, wadda ake kira PUK.

Har a nan ba a yi asara ba. Doguwar lambar tana jikin faffaɗan katin da ake ɓallo sim daga ciki, wanda aka daɗe da yarwa, amma ofishin kamfanin layi na iya bayar da ita idan aka je da shaida. Yaron ya kira ni ya faɗa mini Baba ya faɗi, bai ambaci waya ba, ina jin kunya ce ta hana shi. Maimakon haka ya kai ta wurin wani mai gyara a bakin gada, wanda ya ce masa, "Small thing, yanzu zan buɗe." Mutumin ya zauna yana danna lambobi daga kansa, yana cire batir yana mayarwa tsakanin gwaji da gwaji, wai don katin ya manta. Ita ma doguwar lambar tana da iyakar kuskuren da take ɗauka. Da ya cika ta, katin ya rufe kansa rufewar da ba a buɗewa. Ya miƙo wa yaron wayar ya ce sim ɗin ne tsoho.

Na iso washegari da safe. Na gaida Baba, ya kama hannuna ya juya tafin, ya fara zane. Zagaye, mai kama da bakwai, ɗigo, tsaye. Ni allo na fara riƙewa kafin biro, kamar shi. A lambobin Larabci zagaye biyar ne, mai kama da bakwai shida ce, ɗigo shi ne sifili. Biyar, shida, sifili, ɗaya. A waya ya san madannan da wurin zamansu, amma da aka ce ya rubuta, hannunsa ya koma ga abin da ya fara koya yana yaro. Na faɗi lambar a fili. Ya lumshe ido ya buɗe, alamar e. Na ce a ba ni wayar.

Yaron ya tsaya a bakin ƙofa bai motsa ba. Hajiya ce ta ce, "Faɗa masa mana." Ya faɗa.

Baba yana kallona, yana jira in danna. Na yi tunanin in kara wayar a kunne in ce ba ta shiga, a sake gwadawa anjima. Amma mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba, ɓoyewa kawai yake yi. Na ce, "Baba, lambar daidai ce. Katin ne ya mutu. An yi ta gwada shi har ya rufe." Ya daɗe yana kallon silin. Daga nan ya saki hannuna ya juya fuska bango. Bai sake zana wa kowa komai ba har ya cika.

Masu cewa yaron ne ya kashe sim, ina so su ji. Yaron ya yi wauta da ya je wurin mai gyara, wannan gaskiya ne. Amma wa ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ubansa ke rubuta biyar? Baba ya biya masa kuɗin makaranta, ya buɗe masa shago, bai taɓa buɗe masa baki ba. Mu da muke kudu duk haka muke, muna kasuwa daga asuba zuwa magariba, 'ya'yanmu na girma da harshen maƙwabta, sai ranar wuya mu yi mamaki. Masu zagin kati kuma, katin bai yi komai ba sai abin da aka sa shi. Bai san ɗa ba, bai san ɓarawo ba, bai san mai shi na kwance yana neman gafara ba. Halin da Baba ya yaba masa ke nan a rumfata, yana dariya. Lambar nan da na roƙa, da ya ba ni ita, da kira ɗaya ya wadatar. Ina ƙaunarsa, kuma har yau idan na tuna wannan sai raina ya ɓaci da shi.

Bayan sadakar uku na tafi Inugu. Na zaga unguwar Hausawa, na shiga wurin mahauta da 'yan gwari, na tsaya a masallaci bayan azahar aka yi mini cigiya. Tsofaffi sun san shi. Suka ce ya daɗe da tashi, wasu suka ce ya gangara bakin iyaka, wasu suka ce ya koma Arewa. Babu mai lambarsa. A ofishin kamfanin layi suka ce jerin kiran mutum ba a ba kowa sai da takardar kotu. Abin da za su iya shi ne su ba magada sabon sim mai lambar Baba, amma fanko, domin abin da ke cikin tsohon ya tafi tare da shi. Aka yi ta kai-kawo da takardu, makonni suka wuce, kowace Juma'a ina tunanin mutumin can yana kira ana ce masa a kashe take.

Da sim ɗin ya fito, yaron ya kawo mini har Fatakwal. Ya ce masu albasa ne ke kiran layin, ni na san yarensu. Na san ba wannan ne dalilin ba, na karɓa.

Juma'ar farko na fito daga masallaci a Mile One, wayar na hannuna. Ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Baƙuwar lamba. Na koma gefen wani shago na bi kiran, na bar shi yana shiga. Ya daɗe kafin a ɗauka, ina jin yana jiran a katse kamar kullum.

"Yaya?"

Muryar ta tsufa, amma ita ce. Na yi sallama na faɗi ko ni wane ne, yaron rumfa na da, mai ɗinkin buhu. Na ce Allah ya yi wa Baba rasuwa, na faɗa masa tun yaushe. Ya yi salati. Can ya ce, "Har an yi arba'in ke nan."

"An kusa."

"Wannan karon ma sai da aka gama."

Na ba shi labarin duka, faɗuwar, da hannun Hajiya da ya damƙe, da zanen, da katin. Ban rage ba, ban ƙara ba. Sannan na ce, "Baba Ƙarami, ina roƙonka ka yafe masa."

"Shi ya ce ka roƙe ni, ko kai ne kake roƙo?"

"Ba ya iya magana. Lamba ya zana don a kira ka."

"To me zai ce mini in an kira?"

"Ban sani ba."

Ya ce, "Ka ga, ko kai ba ka sani ba." Daga nan ya tambayi inda aka binne shi.

Ya zo cikin makon. Na tarye shi a tasha a Head Bridge, tsoho mai furfura, tafiyarsu iri ɗaya da Baba. Bai yarda ya bi ta gaban rumfar ba. Ya shiga ya yi wa Hajiya gaisuwa, ya dafa kan yaron ya ce masa kada ya sa abin a ransa. A maƙabarta na nuna masa wurin, na ja baya. Ya tsuguna ya daɗe, bakinsa na motsi, ban ji abin da yake cewa ba. Da ya taso na raka shi har mota. Na so in sake tambaya, ya riga ni.

"Na yi masa addu'a," ya ce. "Sauran tsakanina da shi ne."

Mutane suna tare ni a kasuwa suna cewa, ai mun ji ƙanen ya zo, an yafe ke nan, alhamdu lillahi. Ni ban ji kalmar ba, kuma haka nake faɗa wa duk wanda ya tambaya. Shi ya sa nake roƙon wanda ya karanta wannan ya sa Baba a addu'a da gaske, ba ta cika baki ba. Allah Ya dubi asirin bayinSa da ya rufa, Ya rufa nasa. Allah Ya sassauta masa a kan abin da ya riƙe ya wuce lokaci, Ya kuma sanyaya zuciyar wanda aka riƙe wa.